Bangon Motar Baba da Taubashina Ya Shafe

Daga gadar Binuwai har filin jirgi, ba a haifi mutumin da zai cuce ni a garin Garwa ba. Ni ɗan mahauta ne, jikan mahauta. Tun ban kai tsawon ƙugiyar rataye nama ba nake hango saniya daga nesa in faɗa maka abin da ta ci shekaranjiya. An taɓa kawo mini sa da aka ɗura wa kanwa da ruwa don ya cika ido, na dubi mai shi, na dubi san, sai san da kansa ya sunkuyar da kai don kunya. Haka nake faɗa a kowace majalisa. Haka kuma na yi ta faɗa a garejin taubashina a unguwar Pumpumre, ina kishingiɗe a tsohuwar kujerar mota ina shan shayi, a daidai watannin da yake yanka ni ko bismilla bai yi ba.

Da Baba ya rasu ya bar mana gida, da wuƙaƙe, da wata tsohuwar akori-kura irin wadda mutanen nan ke ce wa bashe. Da aka zo rabo, gida ya sami masoya, wuƙaƙe ma sun samu, motar ce kowa ya kau da kai kamar an ajiye masa mushen jaki. Na ce a ba ni. Motar nan ta girmi matata. Ita ta yi ta jigilar nama daga mayanka zuwa kasuwa tun ina ɗan firamare, har ƙanshin kitse ya shiga ƙarfenta, ko an wanke ta da sabulu sai karnukan unguwa sun raka ta bakin titi. Ta taɓa karyewa a tsakiya a hanyar Pitowa da lodin da ya fi ƙarfinta, Baba ya sa aka ɗaure mata ƙashin baya da faffaɗan ƙarfe aka bi da walda. Waldar nan ta haɗiye lambar da aka buga mata a jikin shasi tun daga inda aka ƙera ta. Abin da ya rage mata na shaida a duniya shi ne wani ɗan fallen alminiyo, bai kai tafin hannu ba, kafe a bangon ƙarfen da ke raba inji da direba, can ƙasa inda sai ka sunkuya za ka gani. Plak muke ce masa. Duk shingen da aka tsayar da Baba sai ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya tofa yawu a babban yatsa, ya goge baƙin mai daga kan plak ɗin, jandarma ya gwada lambar da ta kart-giris, takardar shaidar mota, a ce ya wuce.

Ta yi shekaru a tsakar gidana a gindin darbejiya. Ranar da na tarar kaza ta yi ƙwai a kujerar Baba na ce a'a, abin ya kai ga raini.

Ciwonta biyu ne, ban da tsufa. Na farko bangon nan. Duk makanikin da ya taɓa motar sai da ya bar sa hannunsa a jiki: wannan ya huda don wayar oda, wancan don rediyo, wani kuma ina jin sabon abin huda ya saya yake son gwadawa. Baba yana toshewa da abin da hannunsa ya kai, totuwar masara, tsumma, guntun roba, har da bakin fata. Bango ya koma rariya. A watan zafi, kuma zafin Garwa ba sai an ba ka labari ba, inji na hura maka wuta a ƙafa. In ka ajiye ɗanyen nama kusa da birki daga mayanka, kafin ka kai kasuwa ya zama balangu, yaji kawai za ka nema.

Na biyu ruwa. A gindin gilashin gaba akwai wani kwari mai raga a kai, ta nan iska ke shiga cikin mota. To iska na shiga, ruwan sama na shiga, ganyen darbejiya da 'ya'yanta su ma ba a bar su a baya ba. Kafofin da aka yi don ruwan ya fice sun daɗe da toshewa, ruwa ya sami wurin kwana, tsatsa ta cinye gindin kwarin. Da damina, direba da na gefensa alwala suke yi ba niyya.

Taubashina ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba. Toliye ne, mai gyaran jikin mota, kuma a ba shi haƙƙinsa, in ya buga ƙarfe sai ka rantse ba a taɓa lanƙwasa shi ba. Tare muka tashi, tare aka yi mana kaciya, ya yi kuka ni ban yi ba, ko da yake shi yana ba da labarin a juye. Kun san yadda ɗan mace da ɗan namiji suke. In ce masa bawana, ya ce mini bawansa. Ya fizge mini hula a tsakiyar kasuwa, in ɗauke masa takalmi a ƙofar masallaci ya koma gida yana tsalle a kan kwalta. Ranar aurena ya sace mini babbar riga, sai da na fanshe ta da cinyar rago. Ba a fushi, wanda ya yi fushi shi aka kayar. Amma wasan yana da ƙa'ida: a ɗauka kana gani, ko a gaya maka kafin rana ta faɗi, kuma in an gama dariya kaya ya koma hannun mai shi.

Bayan damina ta ɗauke na sa aka jawo motar zuwa garejinsa. Ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Ɗan Kawu, wannan gawar wanka ka kawo in yi mata, ko salla?"

"Bawan banza, uwar ɗakinka ce. Durƙusa ka gaishe ta."

Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ɗaga kapo ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Ni a lokacin na ɗauka tuna Kawunsa yake yi, har na juya baya don in ba shi wuri ya share ido.

Da ya ɗago ya ce, "Motar Kawuna ce. Ladan hannu ba zan karɓa ba. Kai dai ka riƙa kawo shayi da sukari, bakin nan naka kuma ka bar shi a gida."

Shayi na kawo, baki ban bari ba. Kullum in na tashi daga kasuwa sai gareji. Akwai 'yan majalisa da ke zama a inuwa a wurin, tsofaffin direbobi da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, duk mun san juna tun ana sa mu a bahon wanka. Su ne 'yan kallo, ni ne mai sharhi.

Aka fitar da inji aka ajiye gefe, bango ya fito tsirara. Taubashina ya zare totuwar Baba ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa, ya ce zai kai wa Gwaggo ta hura wuta. Ya yanko ƙarfe daga ƙofar wani tsohon firij, kowane rami ya yanka masa faci daidai bakinsa. Ba ya bin walda a jere. Ya ɗiga a nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dafa da jiƙaƙƙen tsumma, ya dawo, don in zafi ya taru a wuri ɗaya bangon zai murɗe kamar ganda a wuta. Ya gurje, ya bi da guduma a hankali da wani dunƙulen ƙarfe a baya, ya shafa mastik, kwaɓin nan da ake cike lotsawar mota da shi, ya goge da samfefa da ruwa, ya rufe ido ya bi da tafin hannu. In ya ji tudun da ko ƙuda ba zai yi tuntuɓe da shi ba, sai ya sake. Ina kallonsa ina jin daɗi a raina, ina cewa duk iskancinsa dai jininmu ne.

Daga sama ya faro yana gangarowa. Da aiki ya kusa kai wa ƙasa, wajen da plak yake, sai ya ajiye bango ya koma kan kwarin iska. Ya yanke ruɓaɓɓen gindin ya sa sabo, ya ɗan karkata shi ta yadda ruwa zai gudu dama da hagu, a kowace kusurwa ya liƙa ɗan guntun bututu yana kallon ƙasa. Na ce ashe indararo za a yi wa mota kamar soron kakarmu. Ya ce shi ne, sai dai wannan indararon ba a barinsa ya zuba inda ya ga dama, tiyo za a sa masa ya bi ta bayan ƙarfen da ke rufe taya ya sauka ƙasa, kada ya taɓa waya, kada ya taɓa bango.

"To sa mana."

"Babu irinsa a nan. Sai ka nemo. Kaurinsa ya zama babban yatsanka na shiga da ƙyar, mai zare a ciki, wanda zafi ba ya narkarwa, in an lanƙwasa ba ya shaƙewa. Kai da ka ce ba a cutarka, kai ya kamata ka je, kada a ba wani na jabu."

'Yan majalisa suka yi dariya. Ni ma na yi, na hau babur.

Jama'a, na ga tiyo a rayuwata. Na kawo na masu ban ruwan fulawa, ya ce wannan rana ɗaya zai yi ya koma taliya. Na kawo na gas, ya ce ya yi siriri, ko fitsarin ɓera ba zai wuce ba. Na kawo na tankin babbar mota daga wajen masu kayan gwanjo, ya ce wannan ai sai dai in haƙa rijiya. Babban yatsana ya shiga bakin kowane tiyo da ke garin nan har ya kumbura, masu shaguna suka fara nuna ni da baki. Daga ƙarshe ya ce in gangara bakin Binuwai wajen masu noman albasa, in roƙi irin wanda suke sa wa ƙaramin injin ban ruwa. Na wuni a can cikin taɓo, wani Bafulatani mai gona ya ji tausayina ya yanko mini, na yi ta zuba masa useko, godiyarsu ta Fillanci, kamar ya ba ni 'yarsa.

Da na dawo da la'asar, bango ya gama. Daga sama har ƙasa an shafe shi, an fesa masa farar ƙasa ta fenti, sumul kamar goshin jariri. Na tsaya baki buɗe. Sai can na tuna, na sunkuya.

"Kai, ina plak ɗin Baba?"

Bai ko ɗago daga tiyon da yake gwadawa ba. "Yana nan inda yake. Na lulluɓe shi da mastik kada ruwa ya ci shi. Ka ga ɗan wurin nan? In an tambaye ka, kankarewa kawai za ka yi, ni kuma in sake shafe maka."

Na dubi 'yan majalisa. Ɗaya yana hura gawayin shayi, ɗaya yana neman wani abu a aljihu, dattijon gidan waya yana kallon sama kamar yana jiran wata. Ban ga komai a ciki ba. Na ce, "Bawan nan wani lokaci yana da hankali," aka yi dariya, ta ɗan fi yadda maganar ta cancanta.

Aka mai da inji, aka yi fenti, ruwan ganye kamar yadda take a zamanin Baba. Ranar gwajin indararo har da taro. Taubashina ya cika buta ya tsiyaya a gindin gilashi, ni ina ciki na cire takalmi na miƙe ƙafa. Ko ɗigo. Ruwa ya fito ta bayan tayoyin gaba, dama da hagu, tsaf kamar an koya masa tarbiyya. Na sa aka ƙara buta, aka ƙara bokiti. Na fito na rungume shi a gaban mutane, ni da ban taɓa rungumarsa ba sai da niyyar zare masa wani abu daga aljihu.

Sauran rani na yi shi ina yawo da ita cikin gari. Gida, kasuwa, masallacin Juma'a, gidan suna. Duk inda na tsaya sai na ɗaga kapo, ko ba a tambaya ba. Na ce wa mutane wanzamin unguwarmu ya daina sayen madubi, a bangon motata yake duba ƙeyar masu aski. Na ce ƙuda ya sauka a kai ya zame ya karye. A cikin gari kuwa ba mai tambayarka plak, kowa ya san motar, kowa ya san ɗan wanda nake.

Ruwa nake jira. Na farko da na biyu yayyafi ne, ban ɗauke su gwaji ba. Ranar da hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas tun da hantsi, na ce wa matata yau zan je kasuwar shanu ta Ngong da motar Baba. Ta ce me ya sami motocin haya. Na ce ke dai ba ki san daɗin busasshiyar ƙafa ba.

Ina haye gada ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina tafe ina kallon ƙafafuna fiye da yadda nake kallon hanya. A bushe. Ina jin ruwa na gudu a cikin kwarin yana sauka ta tiyona na bakin kogi, ina waƙa, ina cewa Baba da ka ga wannan rana. Ban taɓa jin na isa ba kamar a wannan 'yar tafiyar.

A shingen da ke kan hanyar Ngawundere jandarma ya ɗaga hannu. Wani dogo ne cikin rigar ruwa, da ladabinsa. Na miƙa takardu ina murmushi. Ya duba kart-giris, ya koma gaban mota ya dubi lamba, ya dawo ya sake duba takardar. Ya kira ɗan'uwansa daga rumfa, suka yi ƙus-ƙus da Faransanci.

"Papa, wannan lambar ta wuce nan da safe."

"Shef, ranka ya daɗe, yanzu na fito daga gida."

"Ba wannan motar ba. Bashe irin wannan, shuɗiya, da lodin albasa. Duk mako tana bi ta nan. Ni da kaina na taɓa duba plak ɗinta, ya yi daidai da takardarta. Ɗaga kapo."

Na yi dariya, wallahi na yi. Na ce masa yau zai ga aikin da ba a yi ko a Turai. Na ɗaga, ruwa na dukan bayana. Ya sunkuya ya haska, ya ɗago ya dube ni.

"Yana ƙarƙashin fenti," na ce. "Kawo abin kankara."

Suka ba ni wata 'yar wuƙa. Da hannuna na sa ta a bangon nan da na shafe rani ina yi wa kirari. Na kankare inda taubashina ya nuna mini, fenti ya tashi, mastik ya tashi, sai farin ƙarfe. Na ce na kuskure wurin. Na matsa dama, na matsa hagu, na yi sama, na yi ƙasa. Na yi wa bangon zane kamar fuskar Bagobiri. A daidai inda plak yake, abin da na tarar shi ne 'yan ɗigon walda a kusurwoyi, inda aka cike ramukan ƙusa aka gurje. An yi aikin da kyau ƙwarai.

Jandarman bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Papa, lamba ɗaya, mota biyu. Ɗaya tana da plak, ɗaya ba ta da shi. Kai ka ce mini wacce zan riƙe."

Shuɗiyar bashe mai albasa na san ta. Ta surukin taubashina ce, mijin babbar 'yarsa. An shigo da ita ta daji daga ƙetaren iyaka ba takarda, ta daɗe a bayan garejin an rufe ta da tamfol, har na taɓa zolayarsa cewa amarya yake ɓoyewa. Takarduna kuwa duk tsawon aikin suna cikin akwatin gaban mota, ɗaukar hotonsu da buga hatimin jabu ba ya cin wuni guda.

Aka riƙe motar. Aka ce in zo ofis in faɗi wanda ya cire plak. Na dawo gari a bayan ɗan acaɓa, ruwa na shiga ta wuyan riga yana fita ta ƙafar wando.

Ban je gida ba, gareji na nufa. Taubashina ba ya nan, an ce ya je gaisuwar mutuwa. 'Yan majalisa suna ƙarƙashin rumfar kwano. Da suka gan ni ba mota, ba wanda ya tambaye ni ina take. A nan na gane. Mutanen da ke tambayata ko tari na yi.

"Kun sani," na ce.

Dattijon gidan waya ya gyara zama. "To, Alhaji, ai taubashinka ne. Tsakaninku ba a shiga."

"Ranar da nake bakin kogi ina neman tiyo, kuna nan zaune?"

"Muna nan."

"Shayina kuke sha?"

Wani daga cikin direbobin ya kusa yin dariya, ya ga fuskata ya haɗiye. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Ko a wannan lokacin jira suke in mai da abin wasa, in ce wani abu su kwashe da dariya kowa ya huta. Na yi musu haka tun muna samari. Rannan na nemi abin dariya a bakina na rasa, na juya na tafi.

Washegari tun kafin in karya Gwaggo ta iso. Tsohuwar da sai an riƙe ta take taka dokin ƙofa, ta hau babur ta zo. Ta ƙi shiga ɗaki, ta zauna a tabarma a inda motar ke tsayawa.

"Ɗan yayana, an ce za ka je ofis."

"Gwaggo, su suka ce in zo."

"In ka ambaci sunansa, ɗaure shi za su yi, da shi da mijin yarinyar nan. Tana da goyo."

"Gwaggo, ya san abin da plak ɗin nan yake. Tare muke zama a baya Baba na goge shi."

"Ya sani. Na tsine wa abin da ya yi, ban tsine masa ba, ni na haife shi. Wasa ne ya yi muni."

"Wasa ana faɗa kafin rana ta faɗi. Wannan rani guda ya yi."

Ta kama bakin mayafinta tana murzawa, hannun nan irin na Baba sak, har karkacewar ɗan yatsa. Ta ce, "Ni dai ban zo da hujja ba. Roƙo na zo."

Na je ofis. Aka tambaye ni wa ya cire, na ce a wajen gyara ya ɓace, hannaye da yawa sun taɓa motar, ban san ko wane ne ba. Ni da ke ƙara wa labari gishiri tun ina yaro, ban taɓa yin ƙaryar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Mai unguwarmu da wasu dattawan mahauta suka zo suka shaida motar Baba ce, sun san ta tun tana budurwa. Aka sake mini ita bisa sharaɗin ba za ta hau titi ba sai an ga plak. Shuɗiyar kuwa, tun daren da labari ya kai musu ta yi arewa. An ce an gan ta a Marwa, an ce ta wuce Kusiri, an ce an sayar da ita a ƙetare. Sunan motar Baba yana can yana jigilar abin da ban sani ba a ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Da igiya aka jawo ta gida, ta koma gindin darbejiya.

Na daina zuwa gareji. In na hango 'yan majalisa a masallaci sai in canza sahu. A kasuwa abokan ciniki suka fara tambaya ko ba ni da lafiya, don sun sayi nama an ba su nama kawai, ba labari. Damina ta yi ta zuba. In ana ruwa nakan tsaya a bakin baranda in ga yana fita ta bayan tayoyin, dama da hagu, cikin motar a bushe ƙamas ba kowa.

Sai da aka fara cin sabuwar masara ya zo. Da hantsi ne, ya yi sallama ya shigo da 'yar jakar kayan aiki, kamar jiya muka rabu. Matata ta amsa masa a daƙile ta shige ɗaki. Bai zauna ba, ya wuce wajen motar ya ɗaga kapo, ya ga abin da na yi wa bangon da wuƙa, ya kama baki.

"Kai, Ɗan Kawu! Wannan ai fiɗa ka yi mata. Bari in shafe maka."

"Sauke hannunka daga motar ubana."

Ya sauke. Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, shi ma bai taɓa jin ta ba.

"Ina plak?"

"Ya tafi. Na bi sawu har Marwa, wallahi na bi. Niyyata yaron ya yi jigilar albasar bana, ya samu ya yi takardunsa, in dawo maka da abinka in kafe, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Da ka ba ni?"

"Da ban ba ka ba."

"To ka gani."

Na ji kamar in ɗauki muciya. Na faɗa masa duk abin da na tara tun daga shingen nan. Na ce ya tura ni bakin kogi kamar yaron aike. Na ce ya dube ni ido cikin ido ya nuna mini wurin da babu komai. Na ce ya bar ni ina ɗaga kapo a gidajen suna ina yabonsa, ya sa tsohuwa ta hau babur ta zo ta roƙe ni, ya sa na yi ƙarya a gaban hukuma don in rufa masa asiri. Na ce hula da takalmi da riga duk na yafe, amma wannan ba wasa ba ne, kuma ya sani. Na ce abu ɗaya kawai nake so ya gaya mini: da yake cire ƙusoshin nan, bai yi tunanin ranar da zan fita da ita bayan gari a tsayar da ni ba?

Ya sunkuyar da kai yana wasa da zip ɗin jakarsa. Na ɗauka kuka zai yi, har na fara shirya yadda zan ƙi yafewa da wuri. Sai ya ɗago, ba dariya a fuskarsa ko kaɗan, ya ce:

"Tsakani da Allah, Ɗan Kawu, ban taɓa zaton za ka je wani wuri da ita ba. Na ɗauka ta ba da labari kake so."